Matar da Na Soke da Fil a Bango

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Habsu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ni'ima a makwancinki, ni ce Balkisa, autarki. Na san babu motar da ke kai wasiƙa inda kike. Amma a nan Arlit kowa abin da ke ransa a waya yake rubutawa jama'a su karanta, to ga tawa ni ma. In an ga kuskure a yi haƙuri, ke kin san aji uku na yi a lakwal, makarantar boko.

Inna, bayan arba'in ɗinki Gwaggo Zali ta aiko aka sako ni a kar, babbar motar haya. Garin nan babu gona ko ɗaya. Na tambaya me suke nomawa, aka ce ƙasa suke haƙa, a loda a mota a kai wata ƙasar. Na ce su can ba su da ƙasa ne? Aka yi ta dariya, har yau babu wanda ya ba ni amsa.

Gwaggo tana da shagon ɗinki. Ranar farko ta ce a shago ita ba Gwaggo ba ce, Tanti ce. Ta ɗora ni a kan keke, na ɗinke wa wata riga wuya ruf, ko yatsa ba ya shiga. Ta sauke ni, ta ce, "Ke ɗinki ba naki ba ne. Model za ki yi mini."

Model, Inna, shi ne hoton riga tun ba a ɗinka ta ba. A zana mace a kwali, a yanka ƙyallaye a liƙa mata riga da zane da kallabi, a kafa a bango, mai zuwa ɗinki ta zaɓa. A Yamai Tanti ta gano. Ta ce, "Wata guda na ba ki. In mace ɗaya ta nuna hotonki ta ce shi take so, kin zauna. In babu, kar ɗin da ya kawo ki bai manta hanya ba."

Ni kuwa in na koma wa zan tarar? An ce ɗakinki ma Yaya ya zuba gero a ciki.

Matan hoton nan, Inna, da kin gan su da kin ba su fura. Tanti ta ce dole ƙafa ta yi tsawo, kai ya yi ƙanƙane, fuska kuma ba a yi, don kowace mace ta hango tata a wurin. Na ce, Tanti, ai wannan raƙumi ne. Ta ce haka ake yi a Yamai. Na ce Allah ya ba mutanen Yamai lafiya.

Ruwan liƙi na kanti ba ya jure zafin garin nan, kafin azahar ya daskare. Sai na tuna yadda kike jiƙa ƙaro ki shafa wa hular Baba ta tsaya. Na sayo, na jiƙa, ya kama ƙam. Kuma kin san kin saba ce mini, "Balkisa, kar ki zubar, ajiye, zai yi rana." To ban zubar da komai ba. Takardar shayi mai ƙyalli na yi awarwaro da ita. Rairayi na barbaɗa a ƙasa don mace ta samu wurin tsayawa. Na ga kai ba gashi bai yi kyau ba, na leƙa wurin mai kitso da ke jikin shagonmu, na tsinto a cikin shararta.

Sati uku babu wadda ta zaɓa. Sai su tsaya su duba su ce, "Allah sarki, ciwo ta yi?" su wuce.

Sai na yi wata mace da ni kaina na san ta yi kyau. Shuɗiyar shadda, hannu mai faɗi kamar fiffike, har da aljihu, da gashi mai ja-ja-ja irin na wanda ya sha lalle. Fanka tana ta kayar da ita, sai na ɗauki fil na soke ta a tsakiya, daidai ƙirji.

Washegari da hantsi ga Hajiya Gaisha. Babbar mai kawo wa Tanti ɗinki ce, mutuniyar dutsen Ayar, Hausarta ba ta raba mace da namiji, mijinta ke da manyan motocin da ke zuwa Assamaka. Gajeruwa ce, mai jiki, in ta zauna a benci sai ya yi ƙara. Tana cikin gaisawa idonta ya sauka a bango, sai ta sa salati.

"Wannan shadda nawa ne! Wannan gashi nawa ne! Kwana uku ƙirji yana yi mini ciwo, ashe ga ni nan an soke!"

Inna, sai a lokacin na tuna yadda kike tattara gashinmu bayan kitso ki binne a bayan ɗaki, kina cewa ba a barin gashi a hannun mutane. Na dubi bango da idon Hajiya: mace ba fuska, da tufarta, da gashinta, da ƙarfe a ƙirji. Wallahi ni ma na ji tsoron kaina.

Kafin ka ce me, shago ya cika. 'Yan kabu-kabu sun kashe babura sun leƙo. Aka kira Malam Idi na masallacin layinmu. Ya zo yana taunar goro, ya juya kwalin, ya ga hoton makaroni a baya, ya sansana.

"Yarinya, me kika tofa a ciki?"

Na ce, "Ban tofa komai ba, Malam, sai dai ina lasar yatsa in ƙaro ya kama ni."

Tanti ta take mini ƙafa.

Malam ya ce, "Hajiya, na tsufa ana kawo mini abubuwa, amma ban taɓa ganin asirin da aka yi wa aljihu ba. Mai son kashe ki ba zai tsaya yi miki awarwaro ba." Ya yi bismilla ya zare fil ɗin. Hajiya ta ja numfashi ta dafa ƙirji ta ce, "Alhamdulillahi, ya saki." Malam ya ce duk da haka ta rage shayi ta je likita. Ta ce ba sai ta je ba.

Tanti ta dube ni ta ce, "Je ki haɗa kayanki." Ban yi kuka ba, Inna.

Hajiya ta fizge hoton, ta ce ƙona shi za ta yi. Ta kai bakin ƙofa, haske ya bugi shaddar, sai ta tsaya. Ta nesanta shi, ta matso da shi.

"Wannan ni ne?"

Na ce, "Shaddarki ce dai, Hajiya."

"Dogo haka?"

Na ce, "Haka ake yi a Yamai."

Ta daɗe tana kallo. Sai ta juyo wajen Tanti ta ce, "Zali, hannun nan ana ɗinkawa? Bikin ɗiyan ƙanena ya kusa. Irin wannan nake so, da aljihu. Amma a ba ni gashi nawa."

Na zauna na ɓamɓare shi sili-sili, na ƙunshe mata a takarda, ta ƙirga da ido ta tura a jaka. Da ta tafi sai Tanti ta turo mini sabon kwali da ƙafarta.

Yanzu ba na tsintar ƙyallen kowa sai na tambaya. Gashi da baƙin zare nake yi. Fil kuwa Tanti ta kulle a akwati, a igiya nake rataye su kamar shanya. Mata da kansu suke kawo ƙyalle a yi su, kowace ta raɗa mini a kunne in ƙara mata ƙafa.

Inna, kin tuna zanenki mai ganye-ganye, wanda kike ɗaurawa in za ki kasuwa? Ranar da aka raba kayanki na yanki gefensa na ɓoye, ban gaya wa kowa ba. Jiya na yi ki da shi. Ban ja miki ƙafa ba, na bar ki 'yar gajeruwarki, da kallabinki da ke karkata hagu. Fuska ban yi ba, don an ce kowa tasa yake hangowa a wurin, ni kuma taki nake gani. Tanti ta gani ta ce wannan ba model ba ne, babu mai zaɓar sa. Sai ta ƙara dubawa, ta ce, "Habsu ce," ta shige ciki ta daɗe.

Ban rataye ki ba. Kina cikin jakata, tsakanin riguna biyu.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi, ya haɗa mu a inda ba a sa kowa a kar. Amin.

'Yarki da ta zauna,
Balkisa