Dariyar Dorkas

Litinin, 5 ga Mayu 2025
Fadila ta sake murɗa mani kamara zuwa rafal. Ka danna sau guda, ta yi ta zubo hotuna, tatatata, kamar keken ɗinki. Wai haka ake yi a Yamai. Ni da na buɗe studiyon nan a Sabon Gari tun ana wanke hoto a ɗaki mai duhu, yau ɗiyata ke koya mani aiki. Hoto guda ne: mutum ya zauna, ya kame, ka ɗauka. Sauran duk shara.

Laraba, 7 ga Mayu
Na mai da ita ɗaya-ɗaya. Ta mai da ita rafal.

Asabar, 10 ga Mayu
Malam Andarawus na Tibiri, tsohon malamin makaranta, ya zo da matarsa Dorkas. Ni na ɗauki hoton aurensu. Suna son sabo na ratayewa a falo. Tun da ciwo ya taɓa ta, kanta ba ya tsayawa wuri guda. Na ce ta daure ta kame. Shi kuwa ya sunkuya ya raɗa mata wani abu, sai ta tuntsire da dariya, ta dafa hannunsa. Yatsana na bisa maɓalli, ashe yarinyar nan ta sake murɗawa. Tatatata.
Malam ya leƙo bayan kamara, ya daɗe yana kallon hotunan, bai ce komai ba. Na gyara, na ɗauki na mutunci: baki rufe, ido gaba.

Lahadi, 11 ga Mayu
Na goge tarkacen rafal daga katin kamara. Fadila ta roƙe ni in bar ko guda. Wa ke rataye hoton dattijuwa haƙora waje? Sai a ce Ilyasu ya tsufa, ya fara wasa da mutuncin mutane.

Talata, 27 ga Mayu
An ce Dorkas ta rasu.

Alhamis, 29 ga Mayu
Malam ya zo bisa kabu-kabu, duk ya rame. Na yi mai gaisuwa, na miƙa mai hoton cikin gilashi. Ya duba, ya ajiye.
"Ilyasu, wanda ta yi dariyar nan nake so. Tun da ta kwanta ciwo ban ga dariyarta ba sai ran nan."
Wai a ranar kunyata ya ji, ya ga fuskata a ɗaure, shi ya sa bai nema ba. Fadila ta ruga da katin wajen mai gyaran waya, aka ce sababbin hotuna sun hau kai, ba ya dawowa. Malam ya ɗauki na gilashin, har da godiya. Da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi.
Me ya hana shi magana ran nan? Malamin makaranta guda, da bakinsa.

Juma'a, 30 ga Mayu
Fadila ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Ta kawo mani shayi ta fita. Haushinta nake ji, wallahi.

Litinin, 2 ga Yuni
Wata Tasalla, mai saida zogale daga Jiratawa, ta kawo tsohuwarta. Kamara na kan rafal. Ban murɗa ba, abin murɗawar ya yi tauri, yatsana kuma na ciwo. Na manta ban ce su kame ba.
Kati ya kusa cika. Fadila ta tambaya ko ta rage. Na ce ta bar shi, ta sayo wani.