Tarin da Umma ke ɓoyewa

Daren Laraba, garin Bowie

Jibi Umma za ta hau jirgin ruwan shaƙatawa daga birnin Baltimore da ƙawayenta na garin Lanham. Ga ciwon suga, ga korona ba ta tafi ba.

Na dawo daga makaranta na tarar tana shan citta da kanumfari, ita da ba ta son yaji.

Na ce, "Umma, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau, Malama. Ni ma ɗalibarki ce?"

Can ta shiga banɗaki ta saki famfo, amma na jiyo tarin. Ban yarda ba. Wa zai duba ta a tsakiyar teku? Gobe da sassafe zan kai ta gwajin korona. In za ta yi fushi, ta yi shi a gida, inda nake ganinta.