Rijiyar Baba da Rahoton Munawwara

Bahindi, Ƙaramar Hukumar Bagudo.

Zuwa ga ɗana Mutawakkil, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a bakin aikinka. Mu nan kalau muke, shinkafar fadama ta yi kyau, ƙafar innarka ma ta yi sauƙi. Maƙwabcina Malam Namadi ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa, kuma na hana shi gyara mini magana.

Na ji an kai maka labari cewa ɗiyarka Munawwara ta yi mini rashin kunya, har ka rantse za ka cire ta daga makaranta. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, saurara. Malaminsu ya sa kowa ya auna ruwan garinsu a ɗakin gwaji, ya rubuta abin da ya gani, ya tura ta intanet, abokan karatu uku su duba ba tare da sun san mai shi ba, kafin shi ya ba da maki. Ita sai ta ɗebi na rijiyar da mahaifina ya haƙa shekarar da fara ta cinye gero, wadda har Dendawa masu ƙetarowa daga Benin ke ratsowa su sha. Gwaji ya nuna akwai ƙwayoyin cutar ciki.

Ni na ce ta sauya lambar da gwajin ya nuna. Eh, ni, da furfurata. Na ce ba za a kai sunan rijiyar ubana gaban baƙi a tozarta ba, shekara saba'in ina shan ta ban mutu ba. Ta duƙa har ƙasa, ta ce Kaka, in alƙali ya kira ka shaida, za ka faɗi abin da ba ka gani ba don mai ƙarar ɗan'uwanka ne? Ta ce wanga ma shaida ce. Iyakar rashin kunyar ke nan. Kwana huɗu ban amsa gaisuwarta ba, ita ko ba ta fasa zuwa ba.

Ran na biyar ta zo ta karanta mini abin da masu dubawa sunka rubuta. Ɗaya ya ce kwalba biyu na ruwan da ta auna sun yi kaɗan, uku anka ce. Ashe ta ukun ta fashe mata a kan babur, kuma haka ta rubuta, alhali ba wanda zai gane da ta ƙirƙiro lamba. Maki ya ragu a nan, ta sani. Wani kuma ya tambaya ko ambaliyar kogin Kwara ta taɓa shiga rijiyar, kuma yaushe. Wannan ba ya cikin littafinsu, yana cikin kaina. Na lissafa mata ambaliya uku, har da na shekarar da anka ƙaddamar da shari'a, da ruwa ya haɗe masai da rijiya. Ina cikin faɗa na tuna yaran da munka binne bayan wancan ruwan, sai na gane abin da ya kashe su. Ta rubuta sunana a rahoton, Arzika ɗan Ango, ta ce maganar mutum ba a ɗaukarta a ɓoye mai ita.

Yanzu tafasa ruwan muke yi. Ba ya da daɗi, kullum sai na yi mita, amma ina sha. Rantsuwarka kuwa, ka yi kaffara. Yarinyar nan gobe za ta koma makaranta, ni zan raka ta tasha da ƙafata.

Ka gaishe mini da matarka Riskuwa, da Saifuddeen da Bashira. Innarka da ƙanwarka Ruƙayyatu suna gaishe ka.

Mahaifinka mai yi maka addu'a,
Arzika ɗan Ango.