Nakiyar Mpape

Laraba da dare

Har yanzu kunnena yana ƙara. Yau a ɗakin gwaji na sako ƙarfe mai nauyi a kan ɗan gutsuren nakiyar da masu fasa dutse a Mpape suka aiko. Ya kamata sai ya faɗo daga sama sosai kafin ta tashi, amma daga tsayin taƙi ɗaya ta fashe. Sau uku ina maimaitawa, haka ɗin dai.

Oga ya ce, "Injiniya, injinka ne ya tsufa. Sa hannu kawai a takarda cewa nakiyar lafiyarta ƙalau." Na ƙi.

Da zan fita direbanmu yake gaya mini wai an riga an loda sauran nakiyar a mota, gobe da asuba za ta bi hanyar nan mai ramuka ta tsakiyar gidajen mutane. Ina ta kiran manajan masu fasa dutsen, wayarsa a kashe.