Haruffan da Suka Koma Akwati

Litinin, 3 ga Maris
Na gama tambayoyin bitar lissafi na 'yan ajin ƙarshe, guda sittin. Na ba Ƙawalli, malamar kwamfuta, ta ɗora a shafin makaranta. Shekara tara muna cin abinci a kwano ɗaya, wa zan ba in ba ita ba?

Laraba, 5 ga Maris
Yara sun ce a wayoyinsu duk ƙ da ɗ da √ da alamar ɗebewa sun koma 'yan akwatuna. Na gaya mata. Ta ce, "Ke dai kin cika tsoro, gyaran minti biyar ne."

Juma'a, 7 ga Maris
Wai ta gyara! Ashe goge duk abin da ya zama akwati ta yi. Ɗaya ta koma "aya", huɗu ta koma "huu". Wannan ma da sauƙi, dariya kawai aka sha. Amma √16 ya zama 16, −3 ya zama 3. Kwana biyu yarana suna haddace ƙarya da sunana a sama.

Litinin, 10 ga Maris
Shugaba ya kira mu ofis, iyaye sun kawo ƙara. Ya tambaye ta, ta dubi tagar bayansa ta ce, "Haka ta ba ni, ranka ya daɗe." Na buɗe baki, na tuna ba a tabbatar mata da aiki ba tukuna, na rufe. An karɓe ajin daga hannuna. Ajin da na raina tun suna aji ɗaya, saura wata biyu jarrabawa.

Talata, 11 ga Maris
Ko saƙo ba ta turo mini ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Na bincika da kaina. Layi ɗaya ne tal ake sawa a saman shafi, ya gaya wa burauza, wato manhajar buɗe shafi, irin haruffan da ke ciki. Layi ɗaya! Ta tare ni a bakin famfo: "Ai kin fi ni ƙarfi a wurin nan, ke ba za a kore ki ba." Wato ta auna, ta ga ni ce zan iya ɗauka.

Litinin, 17 ga Maris
Saƙon da na tura mata ranar 3 yana nan, kowace alama a wurinta. Na buga shi a takarda, na ajiye a teburin shugaba. Don yarana na yi, ba ramuwa ba ce. Na san abin da zai same ta. Har shayi na sha bayan nan, kuma ya yi mini daɗi.