Jikokin Ango

Litinin, 3 ga Maris
Darakta ya ce za a karrama ni a watan gobe. Shekara ashirin da biyu ina zura hannu cikin shanu har kafaɗa, sai yau aka gano ni masani ne. A gaskiya Ango ya kamata a ba lambar yabon, bijimin da na zaɓa da kaina. Ya daɗe da mutuwa, amma maniyyinsa na nan daskare a tankin ofis. Rabin shanun madarar yankin nan 'ya'yansa ne ko jikokinsa.

Alhamis, 6 ga Maris
Dattijon da ke da gona a bayan gada ya zo. Karsanarsa ta yi ɓari a wata na bakwai. "Likita, ta uku ke nan fa, kuma duk jinin Angonka ne." Na ce ya duba abincinsu. Na ƙware wajen faɗin wannan da murya mai sanyi.

Asabar, 8 ga Maris
Wasu biyu sun yi ɓari, a wata gonar. Wata na bakwai.

Talata, 11 ga Maris
Na sauko da tsofaffin rajistoci. Duk wadda ta yi ɓari jikar Ango ce, kuma da maniyyin Angon dai aka yi mata ciki. Aibin a jininsa yake. Shekara goma sha ɗaya baya an taɓa samun irin wannan, ga shi a shafi na arba'in. A gefe na rubuta "tsautsayi", har da jan layi a ƙasa. Rubutun hannuna yana da kyau a lokacin.

Laraba, 12 ga Maris
Matata ta kai rigar bikin wajen tela. "Baban yara, ka ga fuskarka kuwa? Ko kai ma ɓarin za ka yi?" Na yi dariya fiye da kima. Ta tsaya tana kallona.

Juma'a, 14 ga Maris
Gonaki sittin ke jiran Ango a zagaye na gaba. Na fara yi wa Darakta bayani, ya dafa kafaɗata. "Bayan biki ma duba, Malam."
Tankin na kusurwa, yana fitar da ɗan tururinsa.

Litinin, 17 ga Maris
Yau ranar ƙara wa tanki ruwan daskarewa. Ban taɓa tsallake ta ba. Mai kawowa ya zo, na ce ya wuce. Murfin tankin ma a kan tebur na bar shi. Kafin mako ya ƙare maniyyin zai lalace, babu sauran Ango. In an tambaya, mantuwa ce. Shekaru sun ja.
Na kira dattijon, na ce masa ba abinci ba ne. Ya ce, "Ai na sani, Likita."
Saura gonaki hamsin da tara da zan kira.
Riga ta dawo daga tela. Ta yi mini cif, abin haushi.