Totuwa a Bakin Tankin Tifa

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jiki, yaya Fatakwal, yaya su Hajiya da yara? Mu nan lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Yaya, na yi abin kunya a kan tsohuwar tifar da ka bar mini. Tun da Malam Idi bakanike, mijin Gwaggo, ya wanke mata injekta, sai ta riƙa mutuwa. In na ɗebo yashi daga Watari, ban yi nisa ba sai ta shaƙe. Na canza filta, na sake man gas, duk a banza.

Ranar kasuwar Kunci raina ya ɓaci, na zargi Malam Idi a gaban jama'a cewa ya musanya mana kayan motar. Washegari ya zo, ya zagaya motar, ya tsaya a tanki. Ashe lokacin da murfin tankin ya ɓace, ni na toshe bakin da totuwar masara naɗe cikin leda. Yana zarewa tankin ya ja iska, fuuu!

Ya ce, "Ɗana, ko mutum ka toshe wa hanci, faɗuwa zai yi."

Motar yanzu ras take, ni ne na kasa bin ƙofar gidansa. Don Allah ka kira shi kafin in je, kai yana jin nauyinka. Ka sa ni a addu'a, ka gaida kowa.

Totuwar ma ya miƙo mini, ya ce in adana kayana.

Ƙaninka,
Habu